Wutar da Ta Tashi Ƙarƙashin Farfela

Sufeto Abdulgafar bai gama karin kumallo ba Saje Mansura ta tsaya a ƙofar ofishinsa na Faskari, waya a hannunta.

"Yallaɓai, gobara a filin jirgin Daudawa. Ana cikin zuba wa jirgi mai saukar ungulu mai wuta ta tashi. Jirgin ya tsira, amma mai zuba man ya rasu."

"Wane ne?"

"Mas'ud sunansa, ɗan Baba Gide."

Sufeto ya ture kwanon ƙosan gefe, ya ɗauki hularsa. Ya san Baba Gide, ya san gidansa, filin kuwa ya san shi kamar tsakar gidansu. A Daudawa aka haife shi, a can ya tashi kafin aikin ɗan sanda ya yi ta yawo da shi gari gari, ya dawo da shi gida da furfura.

Filin wata doguwar shimfiɗar jar ƙasa ce a bayan gari. Zamanin da auduga ke da daraja, a nan ƙaramin jirgin feshi mai ruwan ɗorawa yake sauka. Da sun ji ƙuginsa, shi da abokinsa Ɗanliti sai su fice ta tagar aji, su kwanta rub da ciki a cikin ciyawa suna kallo. In an dawo a sha bulala, gobe a sake. A wancan lokacin gonaki fari fat suke har iyakar ganin ido, mutum yana iya kwana a gonarsa shi kaɗai, abin da zai tashe shi bai wuce sauro ba.

Yanzu gonakin nesa duk sun zama saura. 'Yan bindiga sun tare hanyoyi, ƙauyuka da yawa mota ba ta shigarsu. Shi ya sa wata ƙungiyar agaji ta gyara tsohon filin, ta ajiye tankin mai da famfo. Jirginta yana ɗauko waɗanda aka harba da mata masu doguwar naƙuda daga ƙauyukan da aka datse, ya tsaya nan ya sha mai, ya wuce da su asibiti. Ɗanliti shi ne shugaban ma'aikatan filin.

Suka same shi zaune a inuwar sito, hannuwansa biyu naɗe da bandeji. Ya rame fiye da yadda Sufeto ya san shi. An riga an kai gawar Mas'ud gida.

"Sannu, Liti. Allah ya ji ƙan shi."

"Amin, Gafaru. Ashe kai aka turo."

"Ni aka turo. Hannun fa?"

"Wurin kashe wutar ne. Na lulluɓe shi da buhu, amma man ya riga ya jiƙa mashi riga."

Saje Mansura ta dubi baƙin tabon da wuta ta bari a ƙasa. "Baba, ni abin da ban gane ba, me ya sa ba a kashe jirgin kafin a zuba mai? Ko babur ai kashe shi ake yi."

"Nan ba wurin daɗewa ba ne, ɗiyata. Daji kusa yake. In ya kashe inji, kafin ya huce a sake tayarwa an ba mutanen daji lokaci, ga maras lafiya a ciki yana jira. Sai ya sauka farfela na juyawa, mu maƙala mashi wayar ƙarfe har ƙasa saboda tartsatsi, mu zuba mai, ya tashi. Duk yankin nan mu kaɗai ke da izinin yin haka. In ba mu, sai ya koma Katsina kafin ya sha mai, ƙauyukan bayan Sabuwa kuwa ba zai iya kaiwa gare su ya dawo ba."

"Yau me ya faru?" in ji Sufeto.

"Tiyo ya fashe. Iskar farfela ta kwashi man ta watsa a bututun hayaƙi. Ƙaddara ce."

"Kowa yana wurin aikinsa?"

"Kowa yana wurinshi."

Sufeto ya tashi ya je inda tiyon yake yashe. Rabinsa ya ƙone, ya ƙanƙance, amma wajen kusa da kan yana nan lafiya. Ya durƙusa ya juya shi da sanda. A ƙasan akwai wata tsaga miƙaƙƙiya kamar tsawon ɗan yatsa, gefenta da ragowar baƙin salatif da aka shafe da ƙasa don kada ya yi ƙyalli.

Ya yafito Mansura. "Roba in ta fashe da kanta, haka take yi?"

"A'a, Yallaɓai. Wannan bakin wuƙa ne."

"Sa shi a mota. Kada ki ce wa kowa komai."

Ya koma wurin Ɗanliti ya tambaye shi inda tiyon ke kwana. A cikin sito ne, in ji shi, ƙofa da kwaɗo. Makulli kuwa yana hannun mutum uku: shi, da marigayi Mas'ud, da Salahuddeen direban tankar da ke kawo mai daga Kankara.

A hanya Sufeto ya sa aka nemo masa matuƙin jirgin a waya. Ya ce wata mata ya ɗauko mai naƙuda, da ya ga wuta ya tashi sama da ɗan man da ya samu, da ƙyar ya kai ta.

"Ka lura da wani abu da ba ka saba gani ba?"

"Abu ɗaya. Wanda ya riƙe tiyon ba shi ne ya saba riƙewa ba. Kullum wani dogon saurayi ne, Nasir. Mas'ud wurin famfo yake tsayawa. Yau Mas'ud ne a gaba, dattijon nan shugabansu yana wurin famfo. Nasir ban gan shi ba."

Sufeto ya ajiye wayar.

"Waye Nasir?" Mansura ta tambaya.

"Ɗan Ɗanliti ne. Ni na raɗa masa suna."

Ranar kasuwar Kankara ce. Hanyar ta bi da su ta kusa da Pauwa, inda a da motocin haya ke tsayawa fasinja su sayi dafaffiyar gyaɗa da rake. Sufeto ya tuna yadda mata kan kewaye mota da tire a ka, kowa na kiran nata. Yanzu rumfunan sun zube, direbobi ba sa ko rage gudu.

Suka sami Salahuddeen a tasha yana wanke gilashin tankarsa. Da ya ga kaki sai ya saki tsumman.

"Yaushe rabonka da Daudawa?"

"Tun wancan makon, Yallaɓai."

"Tun wancan makon. To tayar wace mota na gani a bakin sito, sawunta ko iska ba ta share ba?"

"Jiya na je."

"Me ya sa ka yi ƙarya?"

"Na ji abin da ya faru, na ce za a ce ni ne. Kuma akwai ɗan abin da nake yi. In na juye mai nakan rage kaɗan a jarka in kai wa tsohuwata, tana zuba wa fitila da risho. Man jirgi kamar kananzir yake. Wallahi iyakar laifina ke nan."

"Wannan za mu zo kansa. Ka taɓa tiyon jiya?"

"Da shi na ɗebi na jarkar. Lafiyarsa lau, ko ɗigo bai yi ba. Na naɗe shi na mayar."

"Wa ya rufe sito?"

"Malam Ɗanliti. Ya ce in tafi, yana da gyaran da zai yi a ciki. Ni har na yi mamaki, don ya ga jarkar a hannuna bai ce mini komai ba. Da can da ya yi mini faɗa."

Nasir bai yi wuyar samu ba. Yana zaune a kan benci a rumfar mai shayi kusa da 'yan hatsi, idonsa jawur, labari ya riga ya iso shi. Da ya ga Sufeto ya miƙe ya rusuna.

"Baba, ina wuni."

"Lafiya, Nasir. Me ya kawo ka Kankara ranar aiki?"

"Ni na ga dama na zo. Takalmi zan saya."

"Ina takalmin?"

Nasir ya dubi ƙafarsa.

"Abokin aikinka ya mutu a inda kai ya kamata ka tsaya. In ka ce kai ka tafi da kanka, ka san abin da kowa zai ɗauka. Ina sake tambayarka."

Saurayin ya koma kan benci ya zauna. "Baba ne ya aiko ni. Ya ce in sayo mashi maganin ciwon gwiwa. Na ce akwai shi a kemis ɗin Daudawa, ya ce na Kankara yake so. Na ce jirgi na iya zuwa, ya daka mani tsawa. Bai taɓa yi mani haka ba."

"Mahaifin naka lafiya yake kwanan nan?"

"Ba ya cin abinci. Inna ma kullum tana ɗaki. Tun da Sumayya ta tafi gidan ya zama haka."

"Ina ta tafi?"

"Sabuwa, wurin Gwaggo Bilki. Ina filin jirgi ta tafi, ko sallama ba mu yi ba. In na kira wayarta a kashe, Baba ya ce babu sabis a can."

Sumayya ita ce autar Ɗanliti, bara ta gama sakandare. Sufeto ya tuna ta da ƙiriniya, takan ɗauke masa hula ta gudu bayan rumbu.

Bai koma Faskari ba. Ya ce wa direba su wuce Sabuwa.

A da shi da Ɗanliti kan tafi Sabuwa a kan keke ɗaya, ɗaya na tuƙi ɗaya a kan kariya, in sun gaji su ratse rugar Fulani a ba su nono su sha har su bari. Wata rana ma a rugar suka kwana saboda ruwa, aka shimfiɗa musu tabarma kamar 'ya'yan gida. Yau sai da suka jira ayarin motoci ya taru, sojoji a gaba, sannan aka kama hanya, ba mai magana a cikin mota.

Hajiya Bilki, yayar Ɗanliti, ta tarbe su da fara'a, ta sa aka kawo fura. Ta tsufa, amma ta gane shi nan take.

"Gafaru na Daudawa. Kai da ka ƙare mani goruba a bayan gida."

Suka yi dariya, suka gaisa sosai, aka tambayi na nesa da na kusa. Sannan ya ce, "Hajiya, a kira mini Sumayya mu gaisa."

Fara'ar ta ɗauke. "Ta je islamiyya."

"Za mu jira ta."

Mansura ta nemi izinin shiga ta yi alwala. Da ta fito ta sunkuya kusa da kunnen Sufeto ta ce ba ta ga alamar budurwa a gidan ba, ko takalmi, ko mayafi a igiya.

Sufeto ya ajiye ludayin. "Hajiya, ke yayata ce kamar yadda kike yayarsa. Mutum ya mutu yau a Daudawa. Ina yarinyar take?"

Tsohuwar ta ja bakin mayafinta ta rufe fuska.

"Tana hannun mutanen daji. A hanyar gona suka ɗauke ta. Ɗanliti ya zo nan ya durƙusa mani, ya ce duk wanda ya tambaya in ce tana wurina. Sun ce in magana ta fita za su kashe ta."

"Kuɗi suka nema?"

"Na ce mashi in sayar da gonata. Ya ce ba kuɗi suke so ba. Bai faɗa mani mi suke so ba."

Sufeto ya riga ya sani. Ya yi mata sallama, bai iya ƙarasa furar ba.

Washegari da hantsi ya isa filin jirgin. Ya ce wa Mansura da direba su jira a mota. Ɗanliti yana nan a inuwar sito, kamar bai motsa ba tun jiya. Sufeto ya jawo wani tsohon gwangwani ya zauna kusa da shi. Suka daɗe suna kallon fili.

"Na je Sabuwa," in ji Sufeto.

Ɗanliti bai juyo ba.

"Na ga Nasir a Kankara, na ga Salahuddeen. Na ga tiyon kuma. Ba na son in tambaye ka kamar baƙo, Liti. Faɗa mini da bakinka."

Ɗanliti ya ɗora hannuwansa masu bandeji a kan gwiwa.

"Sun ce jirgin nan shi ke nuna wa soja inda suke. Na rantse masu majinyata kawai yake ɗauka, ba su yarda ba. Suka ce in hana shi shan mai a nan, in ba haka ba su aiko mani da kayanta. Suka sa ta a waya, Gafaru. Ba ta yi kuka ba. Cewa ta yi, Baba, ka ci abinci?"

Sannan ya ci gaba.

"Na san dokar aikin nan. In aka samu mai ya zube ana zubawa farfela na juyawa, za a janye izini a rufe wurin sai an yi bincike. Abin da na so ke nan. Mai ya zube kaɗan, in kashe famfo, matuƙi ya kai rahoto, a rufe. Shi ya sa na tsaya wurin famfo da kaina, hannuna a kan makunni. Na ɗauka ɗigo zai yi. Da salatif ɗin ya ɓalle sai man ya yi tsiri, iska ta kwashe shi. Na kashe, amma wuta ta riga ni."

"In ɗigo kawai ka zata, me ya sa ka tura Nasir Kankara?"

Ɗanliti ya sunkuyar da kai.

"Don zuciyata ta san abin da bakina bai yarda ya faɗa ba. Na kawar da nawa, na sa ɗan wani a wurin. Ga mace mai naƙuda a cikin jirgin, na san da ita. Ni na yanka tiyon, da wuƙar da nake fere rake. Ni na kashe Mas'ud."

Sufeto ya cire hularsa ya riƙe a hannu. A aikinsa ya ji mutane da yawa sun amsa laifi, wasu da kuka, wasu da taurin kai. Bai taɓa jin wanda ya so a ce bai ji ba sai wannan.

"Me ya hana ka zuwa wurina? Faskari nan da nan ne."

"Suna da kunnuwa a gari. Na ji tsoro."

"Sun sake kira?"

"Jiya da la'asar. Sun ji an rufe filin. Sun ce za su duba maganarta."

"Ba ni wayar."

Ɗanliti ya nuna aljihun rigarsa da haɓa, don hannun ba ya iya shiga. Sufeto ya zaro wayar da kansa.

"Lambar nan za ta tafi wurin masu bin sawun irin waɗannan mutane yau ɗin nan. Ba zan yi maka alkawarin abin da ba ya hannuna ba, amma ba zan zauna ba sai na ga inda maganar Sumayya ta tsaya. Kai kuma za ka bi ni. Ba zan sa maka ankwa a garin nan ba, kada labari ya kai daji kafin mu shirya. Duk wanda ya gan mu, asibiti zan kai ka a duba hannu. In mun isa Faskari, ni Sufeto ne, kai wanda ake tuhuma da kisa."

"Na yarda."

Hanyar fita daga gari ɗaya ce, kuma ta ƙofar gidan Baba Gide ta bi. An shimfiɗa tabarmi, mutane sun cika wurin ana zaman makoki. Direba ya rage gudu saboda jama'a. Sufeto ya yi fatan su wuce ba a lura ba, amma tsohon ya hango su. Ya dogara sandarsa ya miƙe, ya tako a hankali har bakin tagar baya, inda Ɗanliti ke zaune kusa da Mansura.

"Malam Ɗanliti, an faɗa mani abin da ka yi."

Ba wanda ya motsa a cikin motar.

"An ce kai ka faɗa cikin wuta ka rungume shi, kowa ya gudu kai ka tsaya. Ga hannuwanka nan sun shaida. Kai ka sama mashi aikin nan, kai kuma ka tsaya mashi har ƙarshe. Allah ya saka maka da alheri, ya raya maka naka."

Ɗanliti ya buɗe baki. Sufeto ya gan shi ta madubi, ya ga maganar tana tahowa, ya kuma san cewa in ta fito a gaban wannan taron, kafin azahar ta isa daji.

"Baba, Allah ya ba da haƙuri," ya ce da sauri. "Zan dawo in zauna da kai, akwai maganar da za mu yi. Yanzu hannun nan ba ya jira."

"Ku je, ku je. Allah ya ba shi lafiya."

Tsohon ya ja da baya, yana ɗaga musu hannu. Direba ya ja mota. Sai da suka bar gidajen ƙarshe na gari sannan Ɗanliti ya kifa goshinsa a bayan kujerar Sufeto, kafaɗunsa suna girgiza.

"In ka koma wurinshi, Gafaru, kada ka rage komai. Ka faɗa mashi har da maganar Nasir."

"Zan faɗa masa."

Sufeto bai waiwayo ba. Ya ce wa direba ya kama hanyar Faskari.